Ɗakin jariri ya yi kyau, to ina mai jego?

Hunturu ya tattara ya-nasa-ya-nasa. Wanda ke bin titin Gwarzo a 'yan makonnin nan, daga Ƙofar Kabuga zuwa Janbulo da Rijiyar Zaki, ya ga alama: an fito da dardumai ana bugu, labulaye na shanye a kan igiya, masu fenti sun samu kasuwa. Wannan tsohuwar ɗabi'a ce mai kyau, domin ƙurar wata uku ba ta fita da shara ɗaya. Sabon abu shi ne wani ɗaki da ya shigo cikin lissafin gyaran a gidajen malaman jami'a da ma'aikatan banki da 'yan kasuwar Kwari, wato ɗakin jariri. A shafe bango da shuɗi ko ruwan hoda, gwargwadon abin da hoton ciki ya nuna. A sayo gadon katako mai shinge, a zagaye shingen da matasai masu laushi, a jera 'yan tsana, a manna taurari a rufi. A cika durowa da riguna da safa da huluna, a jefa kafur don ƙamshi. Daga nan a ɗauki hoto a ɗora a Instagram, 'yan uwa da ƙawaye su yi ta zuba Masha Allah. Wasu har liyafa suke yi wa cikin tun bai sauka ba, a garin da iyayenmu ke lulluɓe ciki da mayafi har sai ya ƙi ɓoyuwa.

Masu tallar kayan nan sun aro har da lokacin tallar. A ƙasashen sanyi, idan ƙanƙara ta narke itatuwa suka fara toho, mutane kan buɗe tagogi su sabunta ɗakuna, kamfanoni kuma su yi amfani da damar su sayar wa masu ciki da kaya. Mu nan abin da ke biyo bayan hunturu bazara ce. A watan Afrilu zafin Kano kan haura maki 40, wuta ta ɗauke, ruwan famfo ya yi wuya, sanƙarau da ƙyanda su leƙo. Ba yau baƙon abu ya fara shigowa Kano ta wannan ƙofa ba, don ta nan sojojin Ingila suka kutso a watan Fabrairun 1903. Su dai aƙalla an yi musu tirjiya.

Zargina a kanmu, mu da muka yi boko muke da albashi, shi ne mun mai da shirin haihuwa shirin tarbar baƙi. Duk abin da idon 'yan barka zai sauka a kai an tanade shi tun ciki na wata shida. Matar da za ta yi naƙudar, ta zub da jinin, ta kwana arba'in jikinta ɗanye, ita ce ta ƙarshe a lissafi, in ma ta shiga. Kitso ake yi da kwarkwata.

Mu fara da ɗakin kansa, tunda shi ake alfahari da shi. Su waɗanda muka kwaikwaya sun daɗe da janye jiki daga rabin abin da muke saye. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka tana ba da shawarar jariri ya riƙa kwana a ɗaki ɗaya da mahaifiyarsa aƙalla wata shida na farko, a shimfiɗarsa ta daban, a rigingine, a kan katifa mai tauri, ba matashi, ba bargo mai nauyi, ba 'yar tsana. Matasan da ake zagaye shingen gado da su kuwa, a 2022 Amurka ta yi doka ta haramta ƙera su da sayar da su, saboda jariran da suka kifa fuska a jikinsu numfashi ya ɗauke. Abin da aka kora daga kasuwar can shi muke biya da tsada muna ɗauka a hoto.

Kafur ɗin durowa ya fi wannan haɗari. 'Ya'yan Nijeriya da dama, musamman maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a ƙwayoyin jini wanda likitoci ke kira G6PD. Irin waɗannan jarirai, shaƙar kafur ko sa rigar da ta kwana da shi kan farfasa musu ƙwayoyin jini, shawara ta taso da ƙarfi a kwanakin farko. Idan ta yi tsanani ta taɓa ƙwaƙwalwa, sai kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, har mutuwa. Maganinta fitila ce ta musamman a asibiti, wani lokaci har da sauya jini. Amma a gida sai a ce a shanya shi a hantsi, a ɗura masa ruwan gulukos, a jira a gani. Haka nan turaren wuta a ɗaki rufe, da hular ulu da safa da shawul biyu a tsakiyar Afrilu, wai kada sanyi ya kama shi, yaro na ta kuka ƙurajen zafi sun feso masa. A duk kayan ɗakin nan, wanda ya fi cancantar kuɗinsa shi ne gidan sauro mai magani, domin damina na tafe. Shi ne kuma aka fi cirewa kafin a ɗauki hoto, wai yana ɓata tsari.

Wannan duka ɓangaren jariri ne, wanda aka ce dominsa ake yi. Na uwa ya fi muni.

Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya da takwarorinta ta nuna cewa a shekarar 2023 mata kusan 75,000 ne suka rasu a Nijeriya sanadin ciki da haihuwa. Sama da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan na duk matan da suka yi irin wannan mutuwa a faɗin duniya a shekarar, kuma sama da mace 200 a kowace rana ta Allah. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa a Arewa maso Yamma haihuwa 16 kacal cikin ɗari ake yi a asibiti. Babu ɗayanmu da yake buƙatar alƙaluma kafin ya yarda. Kowa ya taɓa zuwa gidan da aka haɗa barka da ta'aziyya a tabarma ɗaya, aka miƙa jaririn ga kaka ko gwaggo, aka ce kwana ya ƙare. Kwana kam yana ƙarewa, ba mai ja da wannan. Sai dai abin tambaya ne a ce kwanan matanmu ya fi na matan Masar da Malesiya saurin ƙarewa a kan gwiwa, alhali duk Ubangiji ɗaya muke bauta wa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne al'adar da muka gada ta fi mu sanin inda haɗarin yake. A cikin badala, daga Gwale zuwa Mandawari, shirin haihuwa na dauri kusan duka na uwa ne. Mai cikin fari takan tafi goyon ciki gidan iyayenta, ko kuma bayan suna ta tafi wankan gida. Tun ciki na wata bakwai miji ya fara tara itacen wanka. A daka yaji, a tanadi gero da kanwa, a nemo ƙafafun sa don ƙauri. Idan ta sauka, akwai tsohuwa guda, ungozoma ko gwaggo ko kaka, wadda ba ta da wani aiki sai ita: ta dafa ruwa da ganyen darbejiya ko runhu safe da yamma, ta gasa mata jiki, ta dama kunu, ta tsare ta sai ta ci tuwo da gasasshen nama, ta karɓi jaririn don ta samu barci. Mai jego ba ta daka, ba ta ɗebo ruwa, ba ta zuwa turaka. Shi kuwa jaririn, kayansa ba su wuce 'yan riguna da zanen goyo da majanyi da ƙunzugu ba, ɗakinsa kuma ƙirjin uwarsa ne da bayanta.

Tsofaffi kan ce mai ciki ƙafarta ɗaya a duniya ɗaya a lahira, su ce kabarin mai jego a buɗe yake har ta yi arba'in. Likitocin zamani, bayan duk bincikensu, sun yanke cewa mutuwar da ta auku cikin kwana 42 bayan haihuwa ana lissafa ta cikin mace-macen haihuwa, kuma wannan mako shida shi ne lokacin da ake sa ido a kan uwa. Tsakanin lissafin kakanninmu da na Janiba, kwana biyu ne. Malamanmu na Malikiyya ma sun ƙara tsawo, domin a wurinsu jinin biƙi kan kai kwana sittin.

Ba ina cewa a koma gidan jiya dungurungum ba. Jegon dauri yana da nasa laifin, kuma a Zariya aka fara rubuta shi dalla-dalla. A 1978 wasu likitoci biyu na asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka wallafa bincike a kan mata 224 da zuciyarsu ta gaza bayan haihuwa. Yawan cutar a yankin ya kai kimanin mace ɗaya cikin ɗari, adadin da ba a san irinsa ba a mafi yawan ƙasashen duniya. Sun ɗora zargi a kan abu uku: tafasasshen ruwan wanka, kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa, da kunun kanwa, domin kanwa gishiri ce, tana tara ruwa a jiki ta ƙara wa zuciya lodi. Binciken da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero da abokan aikinsa suka yi shekaru da yawa bayan haka ya faɗaɗa maganar. Bai tabbatar da cewa wanka da kunu ne tushen cutar ba, ya fi nuna hannu ga rama, da hawan jinin ciki, da talauci da rashin karatu, da ƙarancin sinadarin seleniyam a jini. Amma ya tabbatar da cewa cutar tana nan daram a Kano da Arewa maso Yamma, da yawan da bai yi nisa da na Zariya ba.

Duk inda gaskiyar sanadin ta tsaya, abin da ke faruwa a ɗakin mai jego ɗaya ne. Ta fara haki in ta je banɗaki ta dawo, ƙafafu sun kumbura, tari ya hana ta barci, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai. Sai a ce sanyi ne ya shige ta, ba ta gasu ba. A ƙara wa ruwa wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Wato daidai lokacin da zuciya ke neman a rage mata kaya, sai a ƙara ɗora mata. Haka al'adar ta riƙa matse dakashi ana zubarwa, alhali shi ne rigakafin farko na jariri, ta riƙa gasa cibiya da tsumma ko shafa mata abin da aka ga dama, ta kira wanzami ya cire beli. Ta koya wa yarinya cewa kuka a naƙuda abin kunya ne, har ta kwana tana murƙususu ba ta tashi kowa ba.

Abin da hankali zai yi da irin wannan gado a fili yake: a riƙe tsohuwar da hutun da abincin da kwana arba'in, a sassauta ruwan, a rage kanwar, a sallami wanzamin. Mu sai muka yi akasin haka. A gidajen sama na bayan Kabuga, inda daga mata sai miji sai 'yar aiki 'yar shekara goma sha uku, tsohuwar ta tafi, ko ta zo ta yi mako guda ta koma saboda ba ta saba da zaman kulle a bene ba. Hutun ya tafi. Amma tafasasshen ruwa da kunun kanwa suna nan, ana yin su da alfahari a matsayin shaidar ba a manta da asali ba. Matar da ke da digiri biyu a yau ta fi kakarta kaɗaici a jego, nesa ba kusa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar kan shiga matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, galibi ciwon damuwa. A wurinmu ba shi da suna. In ta yi shiru a ce miskilanci, in ta yi kuka a ce rashin godiya, in abin ya ƙazanta a ce iska ce a kira mai ruƙiyya. Asibiti kuwa ba a ambatarsa, don da an ce Dawanau dangi sun ji kunya.

Shirin haihuwa na gaskiya ba ya ɗaukuwa a hoto, shi ya sa ba shi da farin jini. Ya fara da awo. Tun 1985 Farfesa Kelsey Harrison ya wallafa bincikensa a kan haihuwa 22,774 da aka yi a Zariya tsakanin 1976 da 1979, kuma babban abin da ya fito shi ne tazarar da ke tsakanin matan da suka yi awo da waɗanda aka kawo a gaggauce bayan abu ya lalace. Tun 2016 shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau takwas. A awon ne ake gane ƙarancin jini, a ba da maganin ƙara shi da na rigakafin zazzaɓin cizon sauro da allurar tetanus, a san rukunin jininta, a auna hawan jini. Masu karatun nan za su ce ai mu muna zuwa awo. Ana zuwa, gaskiya ne, amma sau nawa ake zuwa don hoton ciki kawai, a ji mace ce ko namiji, a san launin fentin da za a saya? Tambayi angon ƙarni rukunin jinin matarsa ka ga yadda zai sosa ƙeya. Farashin ragon suna kuwa ya san shi tun watan jiya.

Jini shi ne babban mai kisa. Idan mace ta zubar da abin da ya kai rabin lita bayan haihuwa an shiga haɗari, kuma mai ƙarancin jini ba ta da rarar da za ta jure. Shekara da shekaru ungozomomin asibiti da ido suke ƙiyasta abin da ya zuba a zane da ƙasa, ido kuwa yana raina jini. A 2023 aka wallafa sakamakon wani babban gwaji mai suna E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Nijeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, a kan mata sama da 200,000. Wadda ta jagoranci ɓangaren Nijeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, jami'ar da tsohuwar harabarta ke maƙwabtaka da Kabuga. Dabarar ba ta da wani ƙyalƙyali. Leda ce mai aljihu da zanen awo, a shimfiɗa ta ƙarƙashin mai haihuwa jinin ya taru a ciki a gan shi da lamba. Da ya kai iyaka sai a yi duk matakan lokaci guda maimakon ɗaya bayan ɗaya: a murza mahaifa, a yi allurar da ke tsuke ta, a ba da maganin tsayar da jini, a ɗaura ruwa, a duba ko akwai yagewa. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. A garin nan aka yi wani ɓangare na aikin, duniya ta yaba, amma cikin masu sayen labulen ɗakin jariri nawa ne suka tambayi asibitin da za su haihu ko yana da wannan leda?

Cutar ado ta bi mu har wurin zaɓen asibiti. Mukan guje wa Murtala saboda cunkoso da layi da faɗan ma'aikata, mu nufi wani gida da aka mayar asibiti saboda yana da tayil da na'urar sanyaya ɗaki da talabijin a bango. Cunkoson gaskiya ne, ba na kare shi. Amma tambayoyin da ke raba rai da mutuwa daban ne: akwai likitan da ke kwana a wurin, ko sai an kira shi a waya daga Nassarawa? Akwai ma'ajiyar jini, ko sai an tura ɗan uwa ya zaga gari da ƙarfe biyun dare? In wuta ta ɗauke ana tsakiyar tiyata fa? In jariri ya zo bakwaini, ina za a sa shi? Asibitocin kuɗi nagari suna da amsa, kuma ba sa jin haushin tambayar. Da yawa daga matan da ake shigowa da su Malam Aminu Kano da Murtala rai a hannun Allah, daga irin waɗancan ɗakuna masu sanyi aka turo su bayan an ɓata awoyi.

Na biyu shi ne hawan jinin ciki, wanda kan kai ga jijjiga. Alamunsa ciwon kai mai naci, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin haƙarƙari. Awon da ya kai 140 bisa 90 ba na a kwanta a huta ba ne. Kano tana da tarihi mai kyau a nan: a 2008 aka shigar da allurar magnesium sulphate manyan asibitocin jihar guda goma, mutuwar masu jijjiga ta faɗo daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa kashi 2 da ɗoriya. Maganin yana nan, abin da ya rage a iso da wuri. Na'urar awon hawan jini ta gida ba ta kai kuɗin gadon katakon nan ba, kuma jijjiga kan zo ko bayan an haihu, har cikin makon suna.

Sauran shirin magana ce ta zama a yi ta tun da rana. Wa zai tuƙa mota in naƙuda ta zo da tsakar dare maigida yana Abuja, tunda a wannan lokaci Adaidaita Sahu sai an dace? Akwai mai a tankin? Su wa da wa cikin dangi jininsu ya dace da nata, kuma sun amsa za su bayar? In likita ya ce tiyata, wa zai sa hannu? A aikace har yau akan tsaya jiran miji, shi kuma ya tsaya jiran Hajiya, Hajiya ta ce a ƙara haƙuri, mu duk a gida muka haife ku. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu ƙaramin ƙarfi, kuma Kano ta daɗe da shelar haihuwa kyauta a asibitocinta. Sai dai kyauta ba ta maganin awa uku da aka ɓata ana shawara a waya. Wannan magana a gama ta tun ciki na wata bakwai, da Hajiya a zaune, cikin ladabi, a ji bakin kowa.

Na san abin da za a ce. Kuɗina ne, farin cikina ne, ɗan fari sau ɗaya ake yinsa, kuma ado bai hana awo ba. Haka ne, kuma wadda ta gama wancan shiri ta shafa wa bango duk launin da ta so, Allah ya sanya alheri. Amma albashi yana da iyaka, hankali ma haka, kuma mun ga inda suke tafiya. Gidan da aka kashe dubban ɗaruruwa a anko da rumfa da mai hoto, a nan ake cinikin kuɗin gwajin jini. Za a kuma ce masu mutuwar matan ƙauye ne da talakawa, ba irinmu ba. Mafi yawansu su ne, babu musu. Amma mahaifar da ta ƙi tsukewa ba ta tambayar takardar digiri. Serena Williams, da duk dukiyarta da likitocin Amurka, ta kusa rasa ranta a 2017 bayan haihuwa saboda gudajin jini a huhu, sai da ta nace kafin a saurare ta. Ban da haka, mu ne ake kallo. Abin da aka yi a rukunin gidajen Kabuga bana, baɗi za a yi shi a Ɗorayi da bashi da adashi. Mun koya wa gari akwatunan kayan barka da fitar suna kala uku. Da mun ga dama da mun koya masa cewa abin yabo ga miji shi ne ya ba da jini tun kafin a nema.

Maza, wannan magana taku ce fiye da ta kowa. Malaman Malikiyya da muke karantawa a zaure sun lissafa ladan ungozoma cikin abin da ke wuyan miji a babin ciyarwa, ungozomar yau kuwa ita ce asibiti da gwaji da magani. Ragon suna sunna ne, rai kuma wajibi ne a tsare shi, kowane ɗalibin fiƙihu ya san wanda ke gaba. A 2021 Gwamnatin Tarayya ta amince wa ma'aikatanta maza hutun kwana 14 idan matansu sun haihu. A me ake kashe shi? Rabon goro da alawa, neman rumfa, karɓar gaisuwa a ƙofar gida. Ita kuwa, in a kamfani ko makarantar kuɗi take aiki, Dokar Ƙwadago mako 12 ta ba ta da rabin albashi, wani wurin ma ko hakan ba ta samu. Ma'aikatan tarayya suna da mako 16, Jihar Kaduna ta mai da nata wata shida tun 2019. Muna ce wa mata su shayar da nono zalla wata shida, sannan mu kira su ofis kafin ɗinki ya warke. Cikin masu karanta wannan akwai shugabannin makarantu da manajoji da 'yan majalisa, waɗanda sa hannunsu kaɗai ya isa ya canza wannan a inda suke.

Ranar suna ita ce ƙololuwar abin. Mace mai kwana bakwai da haihuwa, wata da ɗinkin tiyata, a tashe ta tun asuba a yi mata kwalliya, ta sauya kaya sau uku, ta wuni a zaune tana murmushi, jaririn na yawo daga hannu zuwa hannu cikin mutum ɗari, ciki har da masu mura. Kowa ya leƙa ɗakin ya yaba fenti. Washegari an kwashe kujeru, dangi sun watse, sai tulin wanke-wanke. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ita ce a duba uwa da jariri sau huɗu bayan haihuwa: cikin awa 24 na farko kafin a sallame su, sannan a kwana na biyu zuwa na uku, sannan tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida. Dubawa ta uku ta faɗo daidai kan makon da gida ya yi tsit. A nan ne za a auna mata hawan jini, a duba ko jinin biƙi ya yi wari ko zazzaɓi ya shigo, a ga ɗinki da nono, a saurari numfashinta, a duba cibiyar yaro da launin idonsa, a tambaye ta ita kanta yadda take ji a ranta. Yawancin matanmu ba sa komawa asibiti sai ranar rigakafin mako shida, a ranar ma katin jariri kaɗai ake buɗewa.